Akwatin binciken kwamfuta: Bai kamata a bar saitinsa yadda kamfani ya tsara ba

A ranar 5 ga Fabrairun 2020, masu amfani da Windows 10 a ƙasashe da dama sun danna akwatin binciken da ke ƙasan fuskar kwamfutarsu, suka ga wayam. Babu sunan manhaja, babu sunan fayil, sai baƙin fili kawai.

Fayilolinsu na nan daram a cikin kwamfutar, babu abin da ya taɓa su. Matsalar daga can cibiyoyin Microsoft ta taso, kuma kamfanin da kansa ya amsa haka. Waɗanda suka san yadda ake yanke alaƙar akwatin da Bing, wato injin binciken intanet na kamfanin, sun ga bincikensu ya dawo nan take.

Ranar ce mutane da yawa suka fara sanin cewa akwatin da suke neman takardunsu da shi yana magana da intanet. Ɗan aiken da aka tura ɗaki ya ɗauko takarda, ashe sai ya biya ta gidan ubangidansa tukuna.

Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa shafin saitin wannan akwati ya cancanci a ba shi minti goma. Yawancin masu kwamfuta ba su taɓa buɗe shi ba, kuma suna biyan farashin hakan da lokacinsu da datarsu da sirrinsu.

Wane akwati ake magana?

Duk mai wayar zamani ya san shi. Mai iPhone kan ja fuskar wayar ƙasa ya rubuta haruffa biyu ko uku, sai manhajar da yake nema ta fito. Yawancin wayoyin Android ma suna da irin wannan layi a saman jerin manhajoji.

A kwamfuta, Turawa na kiran irin wannan manhaja "launcher". Aikinta shi ne mutum ya danna maɓalli biyu, ɗan akwati ya bayyana, ya rubuta wani ɓangare na sunan fayil ko manhaja, ya danna Enter, abin ya buɗe. Babu laluben folda cikin folda da linzami.

Kamfanin Apple ya kawo nasa mai suna Spotlight a 2005. Microsoft ya saka akwatin bincike a cikin jerin Start na Windows Vista, wanda ya shiga kasuwa a 2007. Masu Mac suna da Alfred tun 2010, sai Raycast da ya biyo baya a 2020. A Windows akwai Everything da Listary da Flow Launcher, sannan a watan Mayun 2020 Microsoft ya fitar da PowerToys Run kyauta. A 2025 ya ƙara da wani sabo mai suna Command Palette, wanda ake shirin ya gaje shi.

Dukansu suna zuwa da saitin da aka riga aka zaɓa. Tambayar ita ce, wa ya zaɓa, kuma don amfanin wa?

Saitin farko kuɗi ne

Kamfanonin fasaha sun san cewa mutane ba sa cika canza abin da suka tarar. Shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ta fito da wannan fili. Takardun kotu sun nuna cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 domin ya zama injin binciken da mutum zai tarar a manhajar Safari.

Canza injin bincike a iPhone bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Amma Google ya lissafa cewa masu yin hakan ba su da yawa, har ya ga biyan wannan maƙudan kuɗi riba ce. A watan Agustan 2024 mai shari'a Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba.

Akwatin binciken kwamfuta ma fili ne mai daraja irin wannan, domin mutum na kallon sa sau da yawa a rana. Shi ya sa aka daɗe ana kokawa a kansa.

A watan Oktoban 2012, tsarin Ubuntu 12.10 ya fito da akwatin da ke nuna kayan sayarwa na Amazon a duk lokacin da mutum ya nemi fayil. Abin da ya rubuta kan bi ta cibiyar Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu. Richard Stallman, jagoran fafutukar 'yancin manhaja, ya kira abin leƙen asiri. Sai a 2016 kamfanin ya mayar da shi a kashe, wanda ke so ya kunna da kansa.

A 2014 aka yi irin wannan cece-kuce a kan Apple, bayan an gano cewa Spotlight na tsarin Yosemite yana aika abin da aka rubuta zuwa kamfanin domin kawo shawarwari daga intanet. Apple ya kare kansa da cewa ba ya haɗa bayanan da sunan mai kwamfutar.

Microsoft kuwa ya ƙara hotuna da labaran ranar a akwatin bincike a 2022, sannan a watan Afrilun 2024 ya fara nuna tallar manhajojin kantinsa a cikin jerin Start na Windows 11. Duka biyun ana iya kashe su, amma a kunne suke zuwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai kwamfuta ya roƙa. Ya tarar da su ne, kuma suna nan har ranar da ya shiga saiti.

Abin da ake rubutawa a akwatin

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a 'yan haruffan da aka rubuta? Amsar na cikin irin sunayen da mutane ke ba fayilolinsu.

Lauya kan sa sunan wanda yake karewa. Ma'aikacin asibiti kan sa sunan majinyaci da cutarsa. Ɗan jarida kan sa sunan wanda yake bincike a kansa. Ɗan kasuwa kan rubuta "bashin wane". Idan akwatin na haɗe da binciken intanet, waɗannan kalmomi na iya fita daga kwamfutar tun kafin a danna Enter, domin ta haka ne ake kawo shawarwarin da ke bayyana yayin da ake rubutu.

Ba sai an zargi kamfani da mugun nufi ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: bayanin da bai fita ba, babu wanda zai ajiye shi ko ya sace shi. Ofisoshin da ke riƙe da bayanan jama'a a Najeriya suna da ƙarin dalili, tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora musu alhakin kula da abin da ke hannunsu.

Akwai kuma batun data. Wanda ke aiki da intanet ɗin ofis ba zai ji komai ba. Wanda ya jona kwamfutarsa da wayarsa kuwa, kowane hoto da labarin da akwatin ya sauko da shi daga aljihunsa ya fita. Bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, irin wannan ɓarna ta daina zama ƙaramin abu. Sannan idan sabis ya yi rauni, akwatin da ke neman amsa daga intanet kan yi nauyi a kan aikin da bai buƙaci intanet ba tun farko.

A Windows, saitin da ya shafi wannan yana sashen sirri da tsaro, wato Privacy & security, ƙarƙashin bincike. A nan ake kashe hotuna da labaran ranar, da binciken abin da ke ajiye a asusun Microsoft, da tarihin abin da aka nema. A Mac, sashen Spotlight na da jerin nau'o'in sakamako, kuma ana iya cire alamar duk wanda ba a so.

Kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa

Masu tsara waɗannan manhajoji sun ɗauka kowa na da kwamfutarsa shi kaɗai. A shagunan buga takardu da ke kewayen jami'o'i da sakatariyoyi, da ofisoshi da gidaje da yawa, kwamfuta ɗaya ce ke yi wa mutane da dama aiki, sau da yawa da asusu ɗaya.

A irin wannan wuri, jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan tonon silili ne. Wanda ya zo buga takardar neman aiki zai iya ganin sunan takardar kotun da wanda ya gabace shi ya buga, ba tare da ya nema ba. Mai shagon bai yi niyyar tona asirin kowa ba, saitin da ya tarar ne ya yi masa.

Maganin bai wuce danna maɓalli ɗaya ba. A sashen Personalization na Windows, ƙarƙashin Start, akwai inda ake hana nuna abubuwan da aka buɗe kwanan nan. A wurin ne kuma ake kashe tallar manhajoji. PowerToys Run na da zaɓin goge abin da aka rubuta a baya duk lokacin da aka sake kiran akwatin. Idan ba a kunna shi ba, na gaba zai tarar da kalmar da na baya ya nema.

Manhajar Everything, wadda David Carpenter ya rubuta, misali ce ta yadda alheri kan zo da sharaɗi. Tana karanta babban kundin sunayen fayiloli na faifan Windows kai-tsaye, shi ya sa take da saurin da ya ba ta suna. Mai ita ya ce takan tattara sunayen fayil miliyan ɗaya a kimanin minti ɗaya. Sai dai wannan hanya na nufin takan nuna sunan kusan komai da ke faifan, har na wasu masu asusu a kwamfutar. Tana da sashen ware foldar da ba a so ta bayyana, kuma duk wanda ya saka ta a kwamfutar haɗaka ya kamata ya fara da nan.

Rikicin maɓallai

Saiti na gaba da ya cancanci kulawa shi ne maɓallan kiran akwatin. PowerToys Run na zuwa da Alt da Space. Tun tsoffin nau'o'in Windows, waɗannan maɓallai biyu ne ke buɗe ɗan jerin da ake matsar da taga ko rage ta ko rufe ta. Wanda ya saba da wannan, musamman mai larurar da ke hana shi riƙe linzami, zai ga an ƙwace masa hanya.

Sauyawa abu ne mai sauƙi, amma akwai tarko ga mai rubutu da harshe fiye da ɗaya. Maɓallin Windows da Space shi ne ke sauya harshen rubutu, don haka mai tsallakawa tsakanin Hausa da Ingilishi da Larabci ba zai so a taɓa shi ba.

Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa. A tsarin rubutu da yawa, Windows na ɗaukar maɓallin Alt na hannun dama tamkar an danna Ctrl da Alt tare. Da shi ake fitar da ƙ da ɗ da ɓ a tsarin Hausa na Windows, kuma da shi ake fitar da alamar @ a tsarin Faransanci da ake amfani da shi a Nijar. Wanda ya zaɓi Ctrl da Alt da K a matsayin maɓallan kiran akwati, yana iya tarar da akwatin na faɗo masa duk lokacin da ya so rubuta "ƙasa".

Haruffan masu lanƙwasa na da wata matsalar. A wurin kwamfuta, ƙ harafi ne daban da k, kuma ba kowace manhaja ce ke haɗa su a bincike ba. Fayil mai suna "ƙudiri" na iya ƙin fitowa idan aka rubuta "kudiri". Gwaji ɗaya ya isa mutum ya gane halin manhajarsa. Daga nan sai ofis ya tsayar da ƙa'ida guda ta sa wa fayil suna, kowa ya bi.

Abin da ido ke gani

Akwai masu ɗaukar saitin kamanni a matsayin kwalliya. Launi da hoton bango kam kwalliya ne. Girman rubutu da yawan sakamakon da ake nunawa kuwa aiki ne.

PowerToys Run na nuna sakamako huɗu kafin a gangara ƙasa. Ga mai neman manhaja, huɗu sun isa. Ga sakataren da ke da wasiƙu ashirin masu kusan suna ɗaya, huɗu na nufin ko dai ya yi ta gangarawa, ko ya buɗe wadda ba ita ba. Aika wa mutum takardar da ba tasa ba kuskure ne da kan fara daga irin wannan wuri.

Dattijon da idonsa ya fara rauni zai iya ƙara girman rubutun Windows har zuwa kashi 225 cikin 100 a sashen Accessibility. A tsohuwar kwamfuta, irin na hannu da suka cika kasuwa, kashe ƙyalli da motsin tagogi kan rage mata nauyi.

Sannan akwai zaɓin abin da akwatin zai riƙa kawowa. PowerToys Run na iya yin lissafi, ya sauya ma'auni, ya nemi tagar da ke buɗe, ya shiga intanet, har ya kashe kwamfutar. Kowane ɗaya ana iya kashe shi, ko a ce kada ya fito sai an kira shi da alamarsa, kamar alamar = ga lissafi. Umarnin kashe kwamfuta na da zaɓin neman tabbaci kafin a aiwatar, kuma duk wanda ya taɓa rasa aikin da bai adana ba ya san darajar wannan tambaya.

Inda akwatin ke dubawa ma saiti ne. A tsarinsa na asali, Windows na tattara bayanin wasu foldoji ne kawai, irin su Documents da Pictures da Music da fuskar kwamfuta. Wanda ke ajiye aikinsa a wani faifai daban yakan yi ta mamakin yadda bincike ba ya gano komai. Tun 2019 akwai zaɓin Enhanced da ke duba kwamfutar gaba ɗaya, amma yana cin batir da ƙarfin na'ura, musamman a karon farko. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ya fi dacewa a ƙara foldar aikin kaɗai.

Hujjar masu cewa a bar shi

Masu ra'ayin a bar saiti yadda yake suna da abin faɗa, kuma ba duka ne za a watsar ba.

Na farko, saitin asali na kare wanda bai iya ba. Mutumin da ya shiga yana kashe abin da bai fahimta ba zai iya lalata binciken gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne, musamman ga masu bin shawarar shiga rajistar Windows, wato rumbun da tsarin ke ajiye umarninsa na ciki. Kuskure a nan na iya jawo babbar matsala. Amma duk saitunan da aka lissafa a sama suna shafin saiti na yau da kullum, kuma kowanne ana iya mayar da shi yadda yake.

Na biyu, wasu na jin daɗin sakamakon intanet a akwatin. Su nemi yanayin gari ko ma'anar kalma ba tare da buɗe wata manhaja ba. Babu laifi a wannan. Wanda ya duba ya zaɓi ya bar shi a kunne ya yi amfani da 'yancinsa. Damuwar na kan wanda bai san ana yi ba.

Na uku, saka manhaja daga waje na da haɗari. Wannan ma haka ne, domin irin wannan manhaja na ganin fayiloli kuma tana sauraron maɓallai. Bai kamata a karɓe ta daga filashin wani ko shafin da ke raba manhajojin sata ba. PowerToys na kantin Microsoft da shafin kamfanin a GitHub, Everything kuma na shafin voidtools. A kwamfutar ofis, izinin mai kula da na'urori ya zo kafin komai.

Na huɗu, gyaran saiti kan zama jaraba, mutum ya ɓata yini yana sauya launi. Akwai masu yin haka. Sai dai abin da ake bukata a nan zama ɗaya ne, a amsa tambayoyi kaɗan: shin akwatin na aika rubutu waje, me yake nuna wa na gaba, ina yake dubawa, kuma da wane maɓalli ake kiran sa.

Nauyin da ke kan kamfanoni

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa mai kwamfuta laifin duka. Akwai abin da ko ya so gyarawa, an rufe masa ƙofa.

A watan Nuwamban 2023 Microsoft ya sanar da cewa masu Windows a yankin tattalin arzikin Turai za su iya cire binciken Bing daga akwatin gaba ɗaya, kamar yadda ake cire kowace manhaja. Ya yi haka ne domin bin dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda wa'adin fara aiki da ita ya cika a watan Maris na 2024. Wannan sauyi bai shafi sauran duniya ba.

Ke nan mai kwamfuta a Jamus na da zaɓin da takwaransa na Kano ko Maraɗi ba shi da shi, alhali manhaja ɗaya suke amfani da ita. Hakan ya nuna cewa babu wata wahalar fasaha a lamarin. Inda doka ta matsa, maɓallin ya fito. Hukumomin kare bayanai da na kare haƙƙin masu saye a ƙasashen Afirka na da damar tambayar dalilin wannan bambanci.

Kafin su yi, masu koyar da kwamfuta na da rawar takawa. Cibiyoyin horo kan kwashe makonni a kan Word da Excel, amma da wuya a ware awa ɗaya a nuna wa ɗalibi shafin saiti. Masu sayar da kwamfuta da masu gyara, waɗanda su ne ke saka wa yawancin mutane Windows, za su iya kashe talla da tarihin bincike kafin su miƙa na'ura, ko aƙalla su tambayi mai ita abin da yake so.

Mai shagon buga takardu kuma ba ya bukatar jiran kowa. Takardun mutane amana ce a hannunsa, kuma maɓallin da ke ɓoye sunayensu daga idon na gaba yana nan a sashen Start, ba a biyan ko kwabo kafin a danna shi.